Injin Toyota a Jikin V-boot: Yadda Aikin Dawo da AC Ke Tafiya

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Motar Marsandi ce 230E ƙirar 1990, wadda muke kira V-boot, kamfanin kuma yake kiran jerinta W124. Injinta na asali M102 ne mai silinda huɗu, lita 2.3, kuma ya yi iya yinsa: ga hayaƙi, ga shan baƙin mai, ga na'urar rabon fetur ta KE-Jetronic wadda masu iya saita ta suka yi ƙaranci a gari. A ƙarshen daminar bara aka sauke shi aka ɗora 2JZ-GE na Toyota, mai silinda shida a jere, lita 3, da giyabos ɗinsa na otomatik da birenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Tsohon samfuri ne, wanda bai zo da VVT-i ba, wato tsarin Toyota na sauya lokacin buɗe bawul. Tsawonsa bai hana shi zama ba, tunda Marsandi da kansu sun sa injuna masu silinda shida a wannan jiki, irin su 260E da 300E.

Abin da aka bari a baya shi ne AC. Da hunturu babu wanda ya tuna da shi. Yanzu sanyi ya fara ja da baya, wanda kuwa ya san Kano ya san abin da ke tafe a Maris da Afrilu.

Yau na kai ta wajen mai gyaran AC muka buɗe banet. Tiyo biyun da ke zuwa tsohon kwamfireso an yanke su da zarto an bar bakinsu a buɗe, duk ƙurar hunturun nan ta shiga yadda take so. Kwandensar asali tana nan gaban lagireto, haƙarƙarinta sun lanƙwashe, ga tabon mai a kusurwa ɗaya, alamar ta daɗe tana yoyo. Diraya tana nan, amma dirayar da ta sha iska wata da watanni ta gama aiki, domin tsakuwoyin da ke cikinta sun riga sun ƙoshi da danshi. Kwamfireson Toyota kuwa yana maƙale a jikin injin yadda ya zo, fulinsa na juyawa da fambel, wayarsa na reto.

Yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, a haɗa tiyo a zuba gas kawai, zuwa la'asar ka tafi da sanyinka." Ogansa ya harare shi. Ni ma ba haka nake so ba. Jikin motar na zamanin tsohon gas ɗin AC ne, R12, injin kuma ya zo da kwamfireso na gas ɗin da ya maye gurbinsa, R134a, man da kowanne ke aiki da shi daban, wayarin ɗin kowanne daban. Mun yi magana a kan za a bi abin daki-daki, ko da zai kai mu azumi.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Gardamar yau: wane kwamfireso za a yi aiki da shi?

Bakaniken da ya ɗora injin yana ganin a dawo da na Marsandi, mai walda ya ƙera masa mazauni a jikin injin Toyota. Hujjarsa ita ce ta haka ba sai an taɓa wayarin ba, kuma bakin tiyo na asali zai zauna. Na ƙi, ga kuma dalilina. Injin 2JZ fambel ɗaya gare shi, mai layi shida, shi ke juya famfon ruwa da altaneta da famfon sitiyari da kwamfireso gaba ɗaya. Irin wannan fambel ba ya yafe karkata. Idan fulin ya kauce daga layin sauran ko da milimita biyu ne, zai riƙa cin gefen fambel ɗin yana ƙara, wata rana ya wurgar da shi a tsakiyar titi, kuma a lokacin ba sanyi kaɗai ka rasa ba, har ruwan injin ya daina zagayawa. Na ga mazaunin da aka yi da walda a motoci da dama. Wasu sun yi kyau, amma yawancinsu da ido aka auna su. Kwamfireson kamfanin Denso da ya zo da injin kuwa yana zaune a ramukan da masana'anta ta huda masa. Tiyo abu ne mai lanƙwasa, ana iya kai shi duk inda ake so. Don haka ƙarfe ya zauna inda yake, roba ta biyo shi.

An yi sa'a ma, a injunan biyu kwamfireso yana ƙasa ta ɓangaren direba, salansa kuma tana ɗaya ɓangaren. Tiyon ba zai ratsa kusa da wuta ba.

Muka sauke shi don a duba. Oga ya juya farantin gabansa da hannu, yana tafiya sumul ba tare da cijewa ba, ya toshe bakin fita da babban yatsa ya ji yana turo iska. Sai ya kifa shi a kan farin faranti ya tsiyaye man da ke ciki. Wannan ne gwajin da na fi damuwa da shi, domin idan man ya fito baƙi da ɓurɓushin ƙarfe, cikin ya fara cin kansa, kuma duk abin da ka haɗa da shi zai kashe. Ya fito ruwan zuma, babu ƙyalli. Nadin wayar kulocin ya nuna om 3 da ɗoriya a mita, daidai ke nan. Tazarar da ke tsakanin faranti da fuli ta ɗan yi yawa, aka cire wasa guda siririya ta dawo wajen rabin milimita. Aka toshe bakunansa da leda da roba aka mayar.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa. Na samo sabuwar diraya, da bawul ɗin da ke matse gas kafin ya shiga ebaforeta (wadda ke sanyaya iskar cikin mota), na R134a, da fakitin zoben roba kore. Baƙaƙen zoben na zamanin R12 ba sa jure sabon mai. Farashi kuwa sai addu'a: dala ta haura naira 1,500, mai shago yana ba ka kuɗin kaya yana duba waya, abin da ya faɗa da safe ba shi ne na yamma ba. Kwandensa ban samu girman da nake so ba tukuna. Dirayar ta zauna a ledarta da murafenta, ba za a buɗe ta ba sai ranar da za a rufe layin gaba ɗaya.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Duk mai V-boot da ya taɓa gyaran AC ya san abin tsoro ɗaya ne: ebaforeta. Tana can cikin akwatin da ke bayan dashbod, kuma ba a kai gare ta sai an sauke dashbod ɗin kacokan, da sitiyari da agogo da duk wayoyin da ke bayansu. Robobin motar da ta shekara 34 a ranar Kano kuwa, taɓa su kaɗan sai su karye. Don haka kafin a kashe ko sisi a kan sauran kaya, na ce a gwada ta ita kaɗai.

Oga ya cire tsohon bawul, wanda ke maƙale a bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, wurin da hannu ke shiga da ƙyar. Ya ɗaura wani ɗan faranti da ya ƙera don irin wannan aiki, ya toshe baki ɗaya, ya tura naitirojin ta ɗayan har gejin matsi ya kai psi 150. Tun jiya da yamma aka bar ta. Da safen nan allurar ta sauka kaɗan ƙwarai, irin saukar da sanyin asuba ke jawowa, da rana ta yi kuma ta koma inda take. Alhamdu lillahi, dashbod ya tsira.

Sai wanki. R12 yana tafiya da man ma'adinai, R134a kuma ba ya narkar da wannan mai, shi da man PAG yake tafiya. Idan aka bar tsohon man a ciki, kwanciya yake yi a ƙasan ebaforeta ya shafe bangon bututun, sanyi ya ragu, ga ƙurar da ta shiga ta cakuɗe da shi. Akwai masu wanke layi da fetur don araha. Oga ya ce shi ya daina tun da daɗewa, fetur yana barin saura kuma yana cin roba. Da ruwan wankin AC na gwangwani aka yi, ana turawa ta baya, ana bin sa da naitirojin. Na farko ya fito kamar ruwan kwata. Aka yi ta maimaitawa har farin ƙyallen da aka tara ya daina canja launi, sannan aka bar iska na ratsawa har warin ya ɗauke.

Bututun alminiyon da za a sake amfani da su ma an wanke su. Tsohuwar kwandensa da tsohon bawul da tsohuwar diraya an ba yaron shago ya kai wa 'yan gwangwan.

Asabar, 2 ga Maris

Kwandensa ta samu. Ba ta Marsandi ba ce, irin ta gama-gari ce mai siraran bututu a jere, wadda gas ke bi ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Ta asali bututu ɗaya ne mai kauri da ke kai da komowa. Wannan ya ishi R12, amma R134a ya fi shi matsi idan ya yi zafi, yana bukatar kwandensar da ta fi saurin zubar da zafi. Yawancin motocin da aka juya daga R12 ake kuka da su cewa ba sa sanyi a gosulo, a nan matsalar take, ba a yawan gas ba. Na auna faɗin gaban lagireto na sayi mafi girman da zai shiga. Aibinta ɗaya: ramukanta ƙanana ne ƙwarai, idan kwamfireso ya taɓa lalacewa ya watsa ɓurɓushi ba ta wankuwa, sai dai a sake wata.

Mai walda ya yi mata kunnuwa huɗu, aka sa roba tsakaninta da jikin mota saboda girgiza. An bar tazarar yatsa tsakaninta da lagireto.

A nan ne muka ga yadda aka yi da fanka lokacin ɗora injin. An cire ta jikin injin saboda wuri ya yi kaɗan, an sa ta lantarki a bayan lagireto, an haɗa ta kai-tsaye da makulli, tana juyawa tun daga tayar da mota har kashewa. An kuma cire tamostat, kamar yadda aka saba a garejojinmu, wai don kada mota ta yi zafi. Ban yarda da wannan al'ada ba. Injin da ke da birenbos yana auna zafin ruwa ne ya san yawan fetur da zai ba da, idan ruwan bai kai zafin aiki ba sai ya ɗauka har yanzu safiya ce ya yi ta ƙara mai. Da kuɗin fetur na bayan cire tallafi, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Na sayi tamostat na digiri 82, wanda shi ne na injin, aka mayar. Fankar Marsandi ta gaban kwandensa tana nan da ranta, an ba ta wuta ta tashi. Yadda za a raba musu aiki sai ranar wayarin.

Asabar, 9 ga Maris

Ranar tiyo. Layi uku ne: mai zafi daga kwamfireso zuwa kwandensa, lamba 8, siriri daga kwandensa zuwa diraya zuwa bawul, lamba 6, mai kauri mai sanyi daga ebaforeta ya dawo kwamfireso, lamba 10. Kawunansu a gauraye suke: wani na Toyota, wani na sabuwar kwandensa, wani na Marsandi. Babu shagon da ke sayar da irin wannan, sai an ƙera.

Muka yanko kawunan alminiyon daga tsofaffin tiyo na ɓangarorin biyu, mai waldar alminiyon ya liƙa wa kowanne sabon baki mai gaɓa-gaɓa. Sai aka ɗaura kawunan a mota, aka gwada tsawon roba a wurin, aka ja layi da fenti a kan roba da ƙarfe don a san fuskar da kowanne zai kalla. Wannan layin fenti yana da muhimmanci, domin da zarar an matse ba ya juyawa, tiyon da aka murɗa da ƙarfi kuma bai daɗewa. Daga nan aka kai wa masu matse tiyon haidirolik na manyan motoci.

Wani a wurin ya ce me ya sa ba za a ɗaure da kilif ba a huta. Tiyon R134a yana da shimfiɗar nailan a ciki, saboda ƙwayoyin gas ɗin ƙanana ne, suna ratsa robar zamanin da a hankali. Nailan ba ya lotsawa ya kama ƙarfe yadda roba ke yi, kilif ba ya iya matse shi ko'ina daidai, ga layin zafi yana haura 250 a rana mai zafi. Sai an sa hular ƙarfe an matse da inji.

An bar wa layukan kwamfireso ɗan sassauci, tunda injin yana rawa a kan mazauninsa jikin mota kuma yana tsaye. Mai kaurin ya so ya goga da ƙarfen shasi, aka sa masa riga aka ɗaure shi gefe. An kuma sa bakunan geji irin na R134a, masu shiga da dannawa, na layin sanyi ƙarami na layin zafi babba, don kada wani ya ga bakin zare na da ya ɗauka R12 ne a ciki.

Jibi ake sa ran tashi da azumi. Aiki zai koma na safe.

Lahadi, 17 ga Maris

Jiya da yau duk a wajen mai wayarin muka yi su, wani dattijo da ya daɗe yana aikin Marsandi. Nan ne ainihin wahalar AC bayan canjin inji. Tiyo da kwandensa aikin ƙarfe ne, ido na gani. Wayarin kuwa kamar mutum biyu ne a ɗaki ɗaya kowa da yarensa, ɗaya Bajamushe ɗaya Bajafane, sai an samo musu tafinta.

Ga yadda Marsandi ta tsara nata. Idan ka kunna AC, saƙo yana fita daga na'urar dashbod, ya bi ta makunnin matsi da ke jikin diraya, ya isa wani rile da ke bayan batir wanda aka rubuta wa KLIMA. Wannan rilen ba ya ba kwamfireso wuta haka kawai. Sai ya ji injin yana juyawa, ta wani saƙo da ke zuwa daga na'urar wutar filogi. Sannan yana kwatanta gudun injin da gudun kwamfireso, ta wata 'yar na'ura da ke jikin kwamfireson. Idan ya ga sun bambanta da yawa, ya san kwamfireso ya cije fambel na zamewa, sai ya yanke wuta don ya ceci fambel ɗin. Dabara ce mai kyau. Amma na'urar wutar filogin ta tafi da tsohon injin, kwamfireson ma ba shi ba ne. Rilen yana zaune yana jiran saƙon da ba zai taɓa zuwa ba.

Na ce, "Baba, to ba sai a ja waya daga batir a sa makunni a dashbod ba? Haka na ga ana yi."

Ya ce, "Ana yi, ɗana. Shi ya sa kake ganin mota na mutuwa a danja da an kunna AC. Kuma ranar da gas ya tsiyaye, kwamfireso zai yi ta juyawa babu mai har ya ƙone, don babu mai gaya masa ya tsaya."

Toyota nata tsarin daban. A birenbos ɗin wannan injin akwai ƙafa ɗaya da aka rubuta wa A/C, ta nan ake gaya masa ana son sanyi. Akwai wata ACMG, ta nan shi kuma yake ba rilen kuloci umarni. Tsakanin biyun yana ɗaga silo tukuna kafin nauyin kwamfireso ya hau kan injin, idan kuma ka take totur don wuce wata mota yana sakin kwamfireson na ɗan lokaci. A nan tsufan injin ya yi mana rana. Samfurin VVT-i na baya, irin na Lexus IS300, saƙon AC ɗinsa ba ta waya guda yake zuwa ba, yana tafiya ne a layin sadarwar kwamfutocin motar, wanda ba ka da shi idan inji kaɗai ka sayo.

Baba ya zare rilen KLIMA ya auna ramukan soket ɗin ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji, ni ina ciki ina kunnawa ina kashewa. Ya gano wayar da ke kawo saƙon dashbod, ya ga negatib take bayarwa. Birenbos ɗin Toyota ma negatib yake jira a ƙafar A/C. Sai ya ja waya daga nan zuwa can, ya ɗauko ACMG ya kai wa sabon rile mai ƙafa huɗu da fis ɗinsa, daga rilen zuwa kuloci. Amfanin bin wannan hanya shi ne duk masu gadin Marsandi suna nan a bakin aikinsu: na'urar da ke auna sanyin ebaforeta ta kashe kwamfireso kafin ƙanƙara ta toshe ta, da makunnin da ke hana shi tashi idan babu gas.

Makunnin diraya mun sa mai aiki uku: yana yankewa idan matsi ya yi ƙasa sosai, yana yankewa idan ya yi sama sosai, a tsakiya kuma yana tayar da fanka. Fankar bayan lagireto an cire ta daga makulli, yanzu tana tashi da zafin ruwa ko da kunna AC. Ta gaba tana shigowa idan matsi ya hau.

Abu ɗaya muka rasa, kuma ba na so in ɓoye shi: kariyar fambel. Kwamfireson Toyota ma yana da 'yar na'urar auna gudu, amma akwatin da ke karanta ta yana can cikin dashbod ɗin motar da aka ciro injin. Yanzu idan ya cije, kunnena da hancina ne za su gaya mini. Na sa sabon fambel, tsohon yana but tare da sifana.

Don gwaji, Baba ya haɗa ƙafafun makunnin matsi na daƙiƙa biyu. Silo ya ɗaga, kuloci ya ce ƙas. Ya saki nan take, tunda babu gas a ciki.

Asabar, 23 ga Maris

An zuba man PAG 46, wanda Denso ke kira ND-OIL 8, yawancinsa a kwamfireso, kaɗan a kwandensa da diraya. Man nan yana shan danshin iska da sauri, ana tsiyayawa ana rufe kwalbar. An shafa wa kowane zobe mai kafin a ɗaure. Diraya ce ta ƙarshe.

Naitirojin kuma, 150. Wani maƙwabcin shago ya ce ga silindar iskar walda nan kusa, a yi da ita. Oga ya ce ko da wasa. Iskar oksijin idan ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa take yi. Cikin awa ɗaya allura ta sauka. Ruwan sabulu ya nuna kumfa a matsin layin lamba 8, kan da ke wajen kwandensa. An kwance an mayar wa masu matsewa, sun sake sabuwar hula. An bar ta da naitirojin zuwa Litinin.

Asabar, 30 ga Maris

Ta riƙe. Yau gas.

Kafin nan sai da aka zuƙe iskar ciki na kusan awa ɗaya. Mutane suna ɗauka iska kawai ake cirewa, shi ya sa wasu ke yin minti biyar su ce ya isa. Ruwa ake nema. Idan matsi ya yi ƙasa sosai ruwa yana tafasa ko da babu wuta, ya zama tururi injin ya janye shi, wannan kuma yana ɗaukar lokaci. Danshin da ya rage yana daskarewa a bakin bawul ya toshe shi, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kuma yana haɗuwa da mai ya zama asid.

Sai maganar gas ɗin kansa. R12 dai an daina yin sa bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cin rufin ozon. Ƙasashe masu arziki sun tsaya a ƙarshen 1995, irin namu aka ba su zuwa 2010. Duk wanda ya ce zai sayar maka da sabon R12 yau, ka tambaye shi me ke cikin silindar. R134a ɗin ma jabunsa ya yi yawa. Ana cakuɗa shi da R22 na AC ɗin gida, ko da gas mai kamawa da wuta, ko da R40, wanda ke cin alminiyon, shi ne ya jawo fashewar kwantenonin sanyi a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil a 2011.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke kama wasu daga ciki. Kowane gas yana da matsin da yake nunawa a kowane zafi idan silinda ta huta a inuwa. R134a a digiri 35 yana nuna wajen 114. R22 a wannan zafin yana haura 180. Wata silinda da aka kawo mana daga wani shago, mai araha, kwalinta fes, muka sa mata geji ta nuna 150 da wani abu alhali ma'aunin zafi na cewa 34. Aka mayar. Wadda Oga ya saba saye ta nuna 112. Gwajin ba ya kama kowane irin haɗi, amma ya kama wannan.

Da sikeli aka zuba, ba da kallon kumfa a gilashin diraya ba. Wancan gilashi na zamanin R12 ne, da R134a yana iya nuna kumfa alhali layin ya cika, mai bin sa sai ya yi ta ƙarawa har matsi ya yi yawa. Takardar da ke manne a gaban motar ta ce gram 1,100 na R12. R134a ana sa ƙasa da haka, ga sabuwar kwandensa cikinta bai kai na tsohuwar ba. Muka fara da 750, muna ƙara hamsin-hamsin muna kallon geji da ma'aunin da aka soka a ramin iska. A 850 muka tsaya: layin sanyi 38, layin zafi 240, bututun dawowa ya yi raɓa har bakin kwamfireso.

Sai dai iskar da ke fitowa ciki digiri 19 ce. Da irin wannan geji bai kamata ba. Yaron shago ya ce a ƙara gas. Oga ya ce kada wanda ya taɓa silindar, matsalar ba a layin gas take ba. Azahar ta yi, kowa ya galabaita, muka tashi.

Talata, 2 ga Afrilu

Hita ce. Marsandin wannan zamani ba ta da igiyar da ke rufe ruwan zafi. Bawul ne na lantarki a ɗakin inji, kuma an yi shi ne ya zauna a buɗe idan babu wuta, don a ƙasar sanyi ko ya lalace direba ya samu ɗumi gilashi ya washe. Wuta ce ke rufe shi. Lokacin ɗora injin an haɗa tiyon hita da kyau, amma an yanke wayar bawul ɗin tare da wayoyin tsohon inji. Tun daga ranar ruwan injin ke ratsa cikin dashbod, ebaforeta na sanyaya iska, hita na sake ɗumama ta. Baba ya gane da taɓa tiyon biyu da hannu, duka suna ƙuna. Ya dawo da wayar, bawul ya rufe, iska ta sauko digiri 11 a tsaye.

Ya kuma gano siririn bututun da ke ɗauko zuƙar iska daga manifol zuwa cikin mota a yashe, an toshe shi da kusa. Da wannan zuƙa ƙofar da ke hana iskar waje shigowa take aiki. Aka nemo masa baki a manifol ɗin Toyota, aka sa ɗan bawul mai hanya ɗaya. Yanzu motar na sake sanyaya iskar cikinta maimakon ta yi ta kokawa da ta titi. Digiri 9.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi sallah ranar Laraba, motar ta yi zirga-zirgar gaishe-gaishe cike da yara. Abu biyu suka fito. Kafet ɗin gaba ya jiƙe, saboda bututun da ke zubar da ruwan ebaforeta na soso ne kuma ya ruɓe. An sa na roba. Na biyu, a cunkoson Kurna da rana tsaka sanyin ya ragu, allurar zafin inji ta ɗan ɗaga. Da muka sa geji a tsaye layin zafi ya kai 290. Oga ya riƙa ɗan ƙyalle a gefen kwandensa, muka ga fanka na jan iska ta gefe da ta sama, ba ta cikin kwandensar ba. Aka toshe tazarar da soso mai jure zafi ta kowane gefe, aka yi wa fankar baya ƙawanya da falle don ta ja ta dukan faɗin lagireto. Ya sauko 250.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kano zuwa Zariya da dawowa, an fita da hantsi, an dawo da la'asar. Ma'aunin waje ya nuna 41 a wajen Kwanar Dangora. A kan gudu iskar ciki tana tsakanin 7 da 8, kwamfireso na ɗaukewa yana dawowa da kansa. A tsaye tana hawa 11 zuwa 12. Zafin inji bai wuce inda ya saba zama ba. Batir a silo, da fanka biyu da fitilu da iskar ciki a ƙarshe, yana nuna bolt 12.9, ya yi ƙasa. Baba ya ce wayar da ta taso daga altaneta siririya ce, za a sa mai kauri ranar Litinin. Agogon gudun inji ma har yanzu na silinda huɗu ne, yana ƙara rabi a kan gaskiya, sai an samo na 300E. Makon gobe za a sake sa geji a duba ko gas ya ragu, a kuma leƙa matsin layin lamba 8 ko akwai tabon mai.